Shekarar da Na Fitar da Nafi'u Daga Ruwa

Rukayya, Sadiya, saboda ku nake rubuta wannan babin. Yayanku Nafi'u ba ya bukatarsa, domin a kansa abin ya ƙare. Ku kuwa kuna ƙanana a lokacin, abin da kuka sani bai wuce abin da kawunnanku suka zuba muku a kunne ba, wai ubanku ɗan masunta ne da ya ƙosa ya sa babbar riga, ya jiyo ƙamshin mulki ya watsar da aikinsa na Doha ya kwashi iyali ya koma gida. Na ji wannan magana daga baki fiye da ɗaya, har a gidan suna an faɗe ta ina zaune, ban tanka ba. Yanzu gwiwa ta fara yi mini gardama, ido ya fara hazo, ban ga dalilin da zai sa in tafi da bakina a rufe ba.

Kun san a tungar masunta aka haife ni, a bakin kogin Kwara, inda yaro yake iya iyo tun kafin ya iya ɗaura wando. Wani malamin motsa jiki ne ya gan ni ina tsere da samarin garinmu zuwa tsibiri, ya ɗauke ni ya kai ni birni, ya jefa ni cikin kwamin iyo, ruwa shuɗi wanda ba kifi ba igiya, sai layuka a ƙasa. Na yi shekaru ba wanda yake riga ni taɓa bango a duk Nijeriya. Na je ƙasashen maƙwabta na dawo da lambobin yabo, aka buga hotona a jarida, aka yi mini alkawarin gida da aiki. Da ƙarfi ya fara ja da baya, alkawarin ya bi ruwa. Ina koya wa 'ya'yan masu kuɗi iyo a wani otal a Kaduna wani kamfani ya zo neman masu gadin ruwa da za a kai Ƙatar. Haka na sauka Doha da jaka ɗaya da usur a wuya, aikina in hau doguwar kujera a wani kulob in sa ido kada ɗan kowa ya nutse.

A can na haɗu da babban kocin kulob ɗin, wani Bature mutumin ƙasar Hangari. Sunansa yana karya harshe, don haka mu Hausawan wurin muka sa masa Dogo, har ya saba yana amsawa. Ƙasarsu ba ta da teku, amma ya ce garuruwansu cike suke da gidajen wanka na ruwan ɗumi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, kuma a irin wannan gidan mahaifiyarsa take aikin miƙa wa mutane tawul. A nan ya tashi. Tun yana ɗan firamare ake tashinsa ƙanƙara na zuba, ya shiga ruwa kafin makaranta, ya koma bayan an tashi. Ya ce bai yi ƙuruciya ba, bai san rawa ba, bai san yawo ba, har ranar da ya hau dakali aka rataya masa zinare, aka ɗaga tutar ƙasarsu sama da ta manyan ƙasashe. Bayan nan kafaɗarsa ta lalace, likitoci suka yanka ta, ya koma koyarwa, koyarwar ce ta kawo shi Doha. Ba mutum ne mai fara'a ba. Sai ya yini bai ce maka komai ba in ban da gyara hannunka. Amma wata Juma'a da safe, kulob ba kowa, ya same ni ina iyo ni kaɗai. Ya tsaya yana kallona har na fito, sannan ya tambaye ni wanda ya ɗora ni a kan kujerar gadi. Shi ya tsaya mini na sami takardar koyarwa, ya mai da ni mataimakinsa, albashina ya kai inda doka ta yarda mutum ya kawo iyali. Ta hannun wannan Baturen Allah ya kawo Ummanku da Nafi'u Doha, ku biyu kuwa a can aka haife ku.

Gidanmu yana unguwar Matar Ƙadim, ɗaki biyu da falo a saman gidan burodin wasu Afganawa. Rukayya, ke za ki iya tuna ƙamshin nan da yake hawowa tun kafin a fita makaranta. Ƙofarmu tana kallon ta Alhaji Isifu, mutumin zangon Kumasi mai tuƙa motar 'yan makaranta, wanda matarsa take aiko mana da shinkafa da wake irin tasu duk ranar Juma'a, Ummanku ta mayar da kwanon da tuwo. Ba mu da wadata, amma ba mu taɓa kwana da tunanin gobe ba. Nafi'u a kwami ya girma. Ni da ƙarfi nake iyo, irin na mutumin kogi da ya saba kokawa da igiya. Shi kuwa sai ka ce ruwan ne yake darewa ya ba shi hanya. Wata rana muna tsaye a gefe muna kallonsa, Dogo ya daki kafaɗata, abin da bai saba ba.

"Ni da kai koyon ruwa muka yi," ya ce. "Wannan da shi aka haife shi."

Yana shekara goma sha shida ba sa'ansa a duk kulob-kulob ɗin garin. Manyan kulob ɗinmu sun fara maganar cewa da zarar ya kai shekarun da doka ta ɗauke shi baligi, za su ɗauki iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, su mayar da ita hannunsu, su sa shi makarantar 'yan wasa, su riƙa fita da shi gasa ƙasashen waje. Abin da ya rage bai fi shekara biyu ba. Kafin nan zamansa yana rataye ne da nawa, kamar yadda naku da na Ummanku suke.

A farkon wannan shekarar aka kira Dogo gida. An kafa sabuwar gwamnati a ƙasarsu, suka nemi ya zo ya riƙe wani babban ofishi da ke kula da wasannin yara da matasa. Mutane sun yi mamaki da ya amsa, don abin da ake biyansa a Doha ya fi wancan nesa ba kusa ba. Ranar da zai tafi ya ja ni wani ɗan shagon shayi, muka zauna a waje da kofunan takarda, yana ta juya nasa bai sha ba.

"An rufe gidan wankan da na tashi a ciki," ya ce. "Yaran garinmu ba su da inda za su shiga ruwa. Idan irinmu ba mu shiga ofis ba, waɗanda ba su taɓa jiƙa ƙafa ba su za su ci gaba da yanke mana hukunci."

Maganar ta zauna mini a ƙirji. Ban san dalili ba sai bayan 'yan watanni. Ina bakin kwami da rana tsaka, ina koya wa wasu ƙananan yara masu balan-balan a hannu yadda ake busa iska a ruwa, aka kira ni a waya daga gida. Jirgin ruwan 'yan kasuwa ya kife a kogin garinmu. An yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa ya dare. Gwaggonku Ladidi, ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, tana ciki da 'ya'yanta. Mu maza a ruwa muka tashi, amma 'yan mata da sun fara girma ake hana su shiga kogi, ita kuma an aurar da ita ƙauyen tudu inda yara ba su san ruwan da ya wuce na rijiya ba. Kafin takardar izinin fita ta fito daga hannun kafil, wato uban gidan da zamana a ƙasar yake hannunsa, an yi jana'iza an share makoki. Da na isa, aka kai ni wurin. Na tsaya na auna da ido. Tazarar da ke tsakanin inda jirgin ya nutse da gaɓa ba ta kai tsawon kwaminmu na Doha ba. Abin da ɗan shekara bakwai yake ƙetarewa a wurina yana dariya, shi ya cinye ƙanwar zakaran iyo na ƙasa da zuriyarta.

A zaman gaisuwar da aka yi mini bayan na isa Bala ya same ni. Tare muka tashi da Bala, a kwalekwalen ubansa muke zuwa jefa koma, ni na koya masa nutso. Ya bar ruwa da wuri ya shiga siyasa, a lokacin ya zama na hannun daman gwamnan jiharmu. Ya zo da motoci, ya cire takalmi tun daga nesa, ya rungume ni ya yi kuka, hawaye na gaske, na gan su da idona. Da mutane suka ragu ya ja ni gefe.

"Garba, Allah ne ya kawo ka. Mai girma gwamna yana neman wanda ya san ruwa. Ka zo ka riƙe mana kogin nan. Duk yaron da ke bakin Kwara sai ya iya iyo, mace da namiji, duk jirgi sai da rigar ruwa. Kai ka tsara, mu namu sa hannu."

Na kawo masa maganar Nafi'u. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, an riga an ba da kwangilar gyara kwamin filin wasa na jiha, kafin damina ta wuce zai cika, yaro ya yi wa ƙasarsa iyo maimakon ya yi wa Larabawa.

Na koma Doha da maganar a bakina. Bayan la'asar, kuna falo kuna kallo, na sami Ummanku a kicin tana yanka kuɓewa na faɗa mata. Ba ta ɗago ba. Na kawo mata misalin Dogo, yadda ya bar daular nan ya koma ya yi wa mutanensa aiki, na ce ni ma abin da ya kamace ni ke nan. Sai da ta gama kuɓewar ta wanke wuƙa sannan ta juyo.

"Malam, Dogo ƙasarsa ce ta kira shi. Kai Bala ne ya kira ka."

Ba ta ce kada in je ba. Abin da ta roƙa shi ne in jira yaron ya cika shekarunsa, kulob ya karɓi takardarsa, sannan in je in gyara kogin duniya ma in na ga dama. Alhaji Isifu ma da ya ji, ya shigo har falo ya zauna, ya ce shi ya ga irin wannan a Ghana, ɗan siyasa in ya zo maka da kuka a gidan mutuwa, to ka duba kalanda, zaɓe ya kusa. Na ji haushinsa a ranar. Na ɗauka don bai san Bala ba ne, bai ga hawayen ba.

Ku sani ban kwashe ku haka kawai ba. Na yi sintiri ofishin manajan kulob ina neman hanyar da za a bar Nafi'u shi kaɗai ya zauna a gidan Alhaji Isifu. Kullum sai a ba ni gahawa a ce insha Allahu gobe, har dai wani ya ji tausayina ya faɗa mini gaskiya, cewa ranar da aka soke iƙamata ta yaron ma ta mutu, ba wanda zai ɗauki ɗan da a doka bai balaga ba. Bala kuma yana kira safe da yamma, wai kujerar ba za ta jira ba, mutane sun yi layi a kanta, in na bari za a ba wani ɗan jam'iyya da bai taɓa hawa jirgi ba. Ana cikin haka labari ya zo wani jirgin ya sake kifewa a ƙasa da garinmu, mata ne masu zuwa cirar shinkafa. Na daina iya tsayawa a bakin kwami. In na ga yaro ya ƙetare ruwa sai in ga 'ya'yan Ladidi. Wannan shi ne ƙamshin mulkin da kawunnanku suke cewa na jiyo.

Nafi'u bai sa baki ba sai ranar da muke dawowa daga atisaye, gashinsa bai ko bushe ba. Muna tsaye a danja ya yi magana yana kallon gaba.

"Baba, in ka tafi da ni yanzu, na gama."

Na ce bai gama ba, akwai kwami yana jiransa, kuma ni ne zan zama mai faɗa a ji a kansa. Ya ce ya ga hoton kwamin a waya, akuya ce a ciki. Raina ya ɓaci. Na tambaye shi ko 'ya'yan gwaggonsa su ba 'ya'ya ba ne, ko ran yaran kogi bai kai lambar zinare ɗaya ba. Danja ta ba da hannu, na baya suna ta yi mana hon.

"To, Baba," ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai sake ɗaga maganar ba har muka hau jirgi. Na kai takardar ajiye aiki, kafil ya kalle ni kamar mai taɓin hankali, ya sa hannu ya ce halas, wato shi ke nan. Muka sayar da kujeru da firji, Ummanku ta bar wa matar Alhaji Isifu tukwanenta.

Muƙamin da aka ba ni sunansa ya fi shi tsawo, mai ba gwamna shawara na musamman kan wasannin ruwa da lafiyar matafiya kogi. An rantsar da mu da yawa a rana ɗaya, har da mai ba da shawara kan mawaƙa. Ofishina wani lungu ne a hukumar wasanni, teburi ɗaya muke rabawa da sakataren 'yan dambe. Na tsara yadda za a fara da tunga-tunga, a killace ruwa marar zurfi da gora, a koya wa samarin masunta yadda ake koyarwa, a samo mata su koya wa mata. Bala ya ce tsarin ya yi kyau ƙwarai, yana kan teburin mai girma. Da na gaji da jira na tafi tungarmu na fara da yaran unguwa da kaina. Ba a yi nisa ba Bala ya kira ni yana faɗa, wai ina so in kunyata gwamnati, ba a fara aiki sai mai girma ya zo ya ƙaddamar. Na tsaya ina jiran mai girma. Rigunan ruwa kuwa an sayo su, an buga fuskar gwamna a bayan kowace, aka raba wa matasan jam'iyya a wurin taro. Daga baya a jikin 'yan acaɓa nake ganinsu a cikin birni, suna tare iska da su.

Abin da aka kira ni dominsa bai fito fili ba sai da aka buga gangar zaɓe. Mutanen kogi suna fushi da gwamnati tun haɗarin su Ladidi, sun rantse ba za su ba ta ƙuri'a ba. Sai aka riƙa ɗaukata gari-gari a bakin Kwara, a ce in rataya lambobina a kan babbar riga, a tsayar da ni kusa da gwamna. Bala ya karɓi lasifika ya ce ga ɗanku, ga wanda ya rasa ƙanwarsa kamar yadda kuka rasa naku, ya baro ƙasar Larabawa saboda ya yarda da mai girma. Sunan Ladidi ya zama abin yaƙin neman zaɓe, ina tsaye ina ji. Mutanen suka yarda, saboda sun san ubana, sun san ni. A watannin nan ne kawunnanku suka fi kowa zarya a gidanmu, wannan yana son kujerar Makka, wancan yana son kwangilar rigunan ruwa. Ku tambaye su ko a lokacin sun ga laifin babbar rigata.

Bayan an ci zaɓe ruwa ya cika, jirgi ya sake kifewa, wannan karon 'yan biki ne. Aka tura ni jaje da buhunan shinkafa. Ina cikin karanta saƙon gwamnati wata tsohuwa da ta rasa jikokinta ta taso ta tsaya a gabana. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗan nan, ba kai ne ka ce za ka koya musu iyo ba? Saboda kai na dangwala."

Na ajiye takardar na zauna a ƙasa tare da masu makoki, direba ya gaji da jira ya tafi ya bar ni. Da na koma birni na shiga ofishin Bala ba sallama na faɗa masa abin da ke raina a gaban baƙinsa. Ya bari na gama, ya ce in yi haƙuri, gwamnati ba kwami ba ce da ake taɓa bango a fito. Ba a daɗe ba na ji a rediyo an sallami masu ba da shawara gaba ɗaya, an gode mana bisa gudummawar da muka bayar. Waɗanda ake so an mayar da su a sabon jeri. Ni wayata ma Bala ya daina ɗauka.

Kwamin filin wasa har yau ba a zuba masa ruwa ba, sai wanda sama ta zuba, kwaɗi suna kuka a ciki. Na kai Nafi'u wani otal mai ɗan kwami kamar faranti, in ya miƙe hannu uku ya kai ƙarshe. Na kai shi kogi, amma iyon tsere ba ya yiwuwa a ruwan da yake jan mutum gefe. A makaranta ana ce masa ɗan Larabawa, Hausarsa tana ba su dariya. Ina kallo kafaɗun nan da aka yi shekara goma ana ginawa suka zube. Wata rana na ga tabaransa na ruwa a fuskar ɗan maƙwabta yana wasan ɓarawo da ɗan sanda da shi. Ummanku ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa da na sami abin yin faɗa da shi. Sai dai ta ajiye mini abinci ta koma ɗaki.

Na dawo Doha ni kaɗai, na haura hamsin. Gurbina na koci an daɗe da cike shi, sabon babban kocin bai san ni ba. Abin da na samu shi ne kujerar da na fara hawa, gadin ruwa, a wani rukunin gidaje. Albashin ba ya kawo iyali, shi ya sa kuka girma kuna ganina a waya. Ina kwana a unguwar Muntaza, ɗaki ɗaya da wasu samari 'yan Katsina masu aikin gadi, suna ce mini Baba Kyaftin, suna bar mini gadon ƙasa saboda gwiwa. Bayan wasu shekaru Nafi'u ma ya dawo. Larabcinsa irin na 'yan ƙasa ne, don haka bai sha wuyar samun aikin tuƙi a gidan wani Balarabe a unguwar Ain Halid ba. Mukan haɗu ranar Juma'a mu ci abinci. Yana gaishe ni da ladabi, yana saya mini maganin gwiwa, muna hirar zafi da cunkoson hanya da karatunku. Maganar ruwa ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba.

Bara aka yi wata babbar gasar iyo a garin nan, Dogo ya zo cikin tawagar ƙasarsu. Ya sa aka nemo ni, ya ce mu haɗu a tsohon kulob ɗinmu da yamma. Ya tsufa, kansa fari fat, kwat ɗin da ya sa ta yi masa yawa. Muka zauna a bencin 'yan kallo, yara suna atisaye a ƙasa. Ya ce ya bar ofis, ya sha faɗa da masu rabon kuɗi, ya yi abokan gaba, rabin abin da ya je yi bai yi ba. Amma an sake buɗe gidan wankan garinsu, kuma a yankinsu yanzu ana kai 'yan firamare koyon iyo kamar yadda ake koya musu lissafi. Yana faɗa yana girgiza kai kamar wanda ya faɗi jarrabawa. Na ba shi nawa labarin a gajarce. Da na gama sai ya yi tambayar da nake gudu. Ya ce ina yaron, ya daɗe yana duba sunansa a sakamakon gasa bai gani ba.

Na san inda yaron yake. Tun ina shigowa na ga motar da yake tuƙawa a wurin ajiye motoci. 'Ya'yan kafil ɗinsa a kulob ɗin suke koyon iyo, shi yake kawo su ya jira a waje har su gama. Na ce wa Dogo ina zuwa. Na fita cikin zafin nan mai kama numfashi, na ƙwanƙwasa gilashi. Nafi'u ya sauke, sanyin mota ya bugi fuskata. Ya yi ƙiba, rigar aiki ta matse masa ciki. Na ce Dogo yana ciki, yana tambayarsa, ya zo ko gaisawa su yi. Ya kalli ƙofar kulob ɗin, ya daɗe yana kallonta, hannunsa a kan sitiyari.

"Baba, da wace kafaɗar zan tsaya a gabansa?"

Na ce ba komai, mutumin ya tsufa, gaisuwa ce kawai. Ya girgiza kai a hankali.

"Ka bar shi da wanda ya sani."

Kafin in sake magana yaran suka fito da gudu, tawul a wuya, gashi yana ɗiga. Ya fito da sauri ya buɗe musu ƙofa, ya karɓi jakunkunansu ya sa a baya, ya ce musu yalla, mu tafi. Ya ce mini sai Juma'a, ya ja mota.

Na koma ciki. Dogo ya miƙe tsaye yana leƙen bayana, yana gyara kwat, fuskarsa ɗauke da murmushin da ban taɓa ganin irinsa a wurinsa ba duk shekarun da muka yi tare. Na ce masa yaron yana kan aiki, ba a ba shi izinin shigowa ba.